Kitso Domin Hannun Inna

Litinin, 12 ga Mayu

"Ke da kika yi jami'a, gaya mini, wanne ya fi kama da gashin mutum?"

Da wannan Yaya Zara ta tarbe ni, ko sallamata ba ta gama amsawa ba. Tana zaune bisa tabarma, ta miƙo mini waya cike da hotunan mata masu gashi har gadon baya. Na ce mata falsafa na karanta, kuma har na bar Yamai ba mu kai babin gashi ba. Ta ce, "Ashe asara muka yi."

Sai ta zame ɗankwali.

Tun da ta dawo daga asibiti ban ga kanta ba. Ban nema ba, ba ta nuna ba. Gashin ya fara tsirowa, gajere, mai laushi kamar na jinjirin da ba a yi wa askin suna ba. Wannan fa matar da gashinta ke karya mataji. Na tsura wa kalandar bango ido kamar akwai labari a jikinta. Ta ce, "Duba mana, Auta, ba ya cizo."

Ga abin da ya taso. Ɗan'uwanmu Zakariya'u ya kira daga garinmu Tanda: Inna ta ce in Yaya ba ta zo ba kafin Babbar Sallah, ita za ta hau kabu-kabu ta zo Gaya da kanta. Kuma za ta hau, mun san ta.

Inna ba ta san komai ba. Tun bara da aka gano ciwon daji a nonon Yaya, aka yi aiki, aka shiga shimiyo, ƙarin ruwan maganin da ke zubar da gashi, abin da muke gaya mata shi ne Yaya ta maƙale a Kwatano da kayan atamfa saboda rufe gadar kan iyaka. Wannan ciwon ne ya ɗauki ƙanwar Inna, Iya Balkisu. Ranar da aka kawo labarin Inna ta yanke jiki ta faɗi, tansiyo, wato hawan jini, ya tashi, ta daɗe ba ta magana. Yaya ta sa dukanmu mun yi alkawarin yin shiru.

Wani zai ce ai da sauƙi, tsohuwar da ba ta gani. Bai san Inna ba. Ita ta yi wa rabin amaren Tanda kitso kafin idonta ya rufe. Duk ɗiyar da ta shiga ɗakinta sai ta zauna tsakanin gwiwoyinta, ta cire mata ɗankwali, ta bi kan da yatsu layi-layi, ta kushe wadda ta yi kitson, sannan ta sa albarka. Ranar da na dawo daga jami'a da gashi a aske, ta shafa, ta shafa, ta ce, "Sannu da zuwa, Malam."

Yaya kuwa ƴar fari ce. Inna ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata dogon zance. Abin da kunya ta hana baki, hannu ne ke faɗarsa. Ba yadda za a yi a tsallake wannan zaman.

Talata, 13 ga Mayu

Yau a lise, sakandaren da nake koyarwa, darasin ƴan ajin ƙarshe kan gaskiya ne, ko akwai ƙaryar da ta halatta. Na yi musu bayani mai kyau ƙwarai. Ni ma na kusa yarda da kaina.

Laraba, 14 ga Mayu

Mun je wurin Ajuma mai salon, bayan tasha. Ƴar Malanbil ce da aure ya kawo wannan gaɓar daga tsallaken kogi, yaren Dendi ne a bakinta, Hausarta da Faransanci a cakuɗe kamar dambu. Yaya ta zaɓi tsakar rana, lokacin da zafi ya kori kowa.

Ban taɓa shiga irin wurin na zauna ba. Bango guda cike da mesh, gashin kanti, a leda, daga sama har ƙasa, baƙi, ja, ruwan zuma, har da wani shuɗi da ban san wace baiwar Allah ake jira da shi ba. Kawunan roba a jere bisa kanta, kowane da perik ɗinsa, suna kallonmu kamar ƴan kwamitin jarrabawa.

Ajuma ta saki labule, Yaya ta buɗe kai. Na jira "Allah sarki", na jira salati da tafa hannu. Ko ɗaya. Ajuma ta goge hannu a zane, ta kama gashin da yatsu biyu a goshi, a ƙeya, a bayan kunne, ta ce, "Akwai abin kamawa." Na ga kafaɗun Yaya sun sauka. Wata nawa kowa na yi mata kallon mara lafiya, yau an yi mata kallon aiki.

Sai lacca ta fara, kuma na sha laccar da ba ta kai wannan tsari ba. Akwai perik, hular gashi ce, ki sa ki cire. Akwai wanda ake mannawa da kol, irin gam, a goshi, da ɗan tul, ƙyalle siriri da ke sajewa da fata. Akwai tisaj: a yi wa gashinki kitso kwance, a ɗinka mesh a kansa da lanƙwasasshiyar allura, in gashin ya yi gajarta a shimfiɗa raga a ɗinka a jikinta. Mesh ɗin ma kashi biyu ne, na gashin mutum da na roba.

Yaya ta kori kol tun kafin a gama bayani. Ruwan alwala ba ya ratsa shi, kuma fatar kanta ta sha wuya ta ishe ta.

Ni, da aka kawo domin ilimina, na nuna wani gashi Bireziliyen mai sheƙi, na ce wannan ko a kusa ba a gane shi. Ajuma ta yaba idona. Yaya ta bar mu muka gama, sannan ta ce, "Wadda za ta duba ba ta gani. Da hannu za ta duba. Kuma makitsiya ce."

Ajuma ta jawo kujera ta zauna. Ta dubi bangonta daga sama har ƙasa, ta daɗe. Ta ce, "Tanti, duk kayan nan domin ido aka yi su."

Na ɗauka sallama ce. Ashe a'a. Ta ce a ba ta kwana biyu ta yi tunani, kuma fuskarta irin ta wanda aka ba kyauta.

Jumma'a, 16 ga Mayu

Na gwada sa'ata. Na ce wa Yaya me zai hana a gaya wa Inna kawai, tunda magani ya ƙare kuma likitoci sun ce alamu na da kyau. Na kawo hujjoji a jere, na ɗaya, na biyu. Har da cewa ɓoye wa mutum abu raina shi ne.

Tana ninke atamfa a shago, ba ta ko ɗago ba. Ta ce za ta faɗa mata. In an yi awon watan Yuli, in gashi ya tsiro, in ta iya zama gabanta da ƙarfinta, za ta ba ta shi kamar labarin tafiya: na je, na sha wuya, na dawo. "Amma ba zan zauna ina raye uwata na yi mini kukan mutuwa ba. Na ga yadda ta yi na Iya Balkisu. Ke kina Yamai."

Ba gori ta yi mini ba. Faɗa kawai ta yi. Da gori ne da ya fi sauƙi.

Wata mata ta shigo neman turmi biyu na anko, nan take Yaya ta koma ƴar kasuwa, da dariya, da rantsuwa cewa ko a Kwatano ba a samun irinsa. Matar ta fita tana ganin ta ci riba. Ina kallonta ina tunanin hannun dama ɗin nan har yanzu ba ya ɗaguwa sosai, amma da shi take warware turmi ɗaya bayan ɗaya.

Asabar, 17 ga Mayu

Malanbil, ni da Ajuma. Yaya ba ta iya rana ba tukuna.

Gada na nan a rufe, mutane na wucewa ƙarƙashinta a kwalekwale da buhunan albasa da babura da tumakin layya. Wani rago ya taka mini ƙafa tun daga wannan gaɓa har waccan. Ajuma ta ce albarka ce.

A jirgin ta gaya mini abin da ta yanke. Perik ba zai yi ba, da Inna ta ja kitso ɗaya duka hular za ta motsa. Gashi sakakke ma ba zai yi ba, Yaya ba ta taɓa zuwa Tanda da kai a tsefe ba. Sai dai tisaj bisa raga, amma maimakon a ɗinka mesh a sake shi, ita za ta kitsa shi, ya zama kitso irin na kowace mace. Saura a samo mesh mai kaushin gashin Yaya na da.

Ta tambaye ni yaya gashin yake a hannu. Na san kalarsa, na san tsawonsa. Ban tuna ranar da na taɓa shi ba.

Mai shagon mesh da muka shiga, wani Bayarabe mai fara'a, ya yi ta sauko mana da kaya: na Barazil, na Indiya, na Feru. Majalisar Ɗinkin Duniya guda a leda. Da ma Yaya ta ce kada a kawo mata gashin mutum. Malaminsu na Islamiyya ya hana, kuma ita ba ta san da wace damuwa matar ta sayar da shi ba, tata ta ishe ta.

Ajuma ta sa aka yage ledoji, ta rufe ido, ta shiga murza mesh tsakanin yatsu. Wannan ya yi santsi. Wannan ya yi ƙara. Wannan in an matsa ba ya dawowa. Mai shago ya fara da dariya, ya koma rantsuwa, ya ƙare da shiru yana kallonta. Ta tsaya kan wani baƙi na roba mai kaushi da ke can ƙasan kantar shago, ƙura ta rufe shi. Ya ce, "Madam, wannan ai ba mai saye, kamar soson wanka yake." Ta ce a ba ta duk abin da ya rage.

Ta sa ni na taɓa. Na taɓa, sai ga ni ina ƙarama a bayan Yaya, ta goya ni zuwa rijiya, fuskata cikin ƙeyarta. Ashe na san shi. Ban gaya wa Ajuma ba, na ce da alama zai yi.

Lahadi, 18 ga Mayu

Sabon mesh warin leda yake yi, kuma hancin Inna bai tsufa ba. Ajuma ta jiƙa shi a ruwan zafi da binegar, ta shanya, ta shafe shi da man shanu, ta turara. Yanzu yana cikin tsohon ɗankwalin Yaya, ƙarƙashin matashinta, wai ya saba da ita.

Mijinta Alasan ya ɗaga matashi zai kishingiɗa, ya yi tsalle har bakin ƙofa yana a'uziyya. Yaya ta yi dariya har ta riƙe wurin ɗinki. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin ta shiga asibiti.

Talata, 20 ga Mayu

Gyaran takardun jarrabawar gwaji. Wani yaro ya rubuta cewa ƙarya haramun ce sai dai in uwa za a yi wa. Ban san makin da zan ba shi ba.

Alhamis, 22 ga Mayu

An yi gwajin farko, an faɗi.

Ajuma ta rufe salon tun safe. Ta kama ɗan gashin Yaya ta yi masa ƙananan kitso kewaye da kai, siriri kamar zaren buhu, ta shimfiɗa raga, ta ɗinke, ta kitsa mesh a sama. Ta gama, na leƙa madubi. Yaya ce ta shekara biyu da suka wuce zaune gaban madubi. Ta juya hagu, ta juya dama, ta ce, "Kai, wannan matar na san ta."

Ajuma ba ta yi murmushi ba. Ta cire ɗankwalinta ta ɗaure mini ido, ta zaunar da ni bisa kujera, ta sa Yaya a ƙasa tsakanin gwiwoyina. "Ke ce tsohuwa. Duba."

Na yi wasa da farko, na kwaikwayi muryar Inna, na ce wace mara tarbiyya ce ta yi wannan kitso. Suka yi dariya. Sai na sa hannu da gaske.

Kitson kansa ba laifi. Amma yatsa ba ya tsayawa kan kitso, tsaga yake bi, wurin da fata take. A nan na ji ragar, ƙananan ramuka a jere kamar gidan sauro. Na ji wani abu kuma da ba a tambaye ni ba: yadda kan ya ƙanƙance, yadda ƙashin bayan kunne ya fito. Jijiya na bugawa a gefen goshinta.

Na ce ana jin raga. Muryata ta fito wata iri, na ɗora wa ɗankwalin laifi, ya matse ni.

Yaya ta ce a bar shi haka, wataƙila Inna ba za ta lura ba. Ajuma ta riga ta ɗauko reza. Aikin yini guda ta warware shi zare-zare, tana ƴar waƙarta ta Dendi, ko tsaki ba ta yi ba. Na tambaye ta ba ta jin haushi? Ta ce shekarunta nawa tana yi wa mata gashin da za su burge kishiyoyin da ba su ma da su, yau ta samu alƙali na gaske.

Asabar, 24 ga Mayu

Gwaji na biyu.

Dabarar da Ajuma ta kwana da ita: ta samo raga mai manyan ido, kuma duk inda tsaga za ta bi, ta sa ƙaramar ƙugiya ta jawo gashin Yaya na gaske ta cikin ramukan, ɗaya bayan ɗaya, ya kwanta ya rufe zaren. In yatsa ya bi tsaga, gashi mai rai zai tarar, kamar sabon tsiro ƙarƙashin kitson da ya kwana biyu. Ta kuma ƙi yin kitson da kyau sosai. Ta ce wadda ta fito daga tafiya ba ta zuwa da kai kamar na amarya. Ta sassauta wasu, ta bar ɗaya ya ɗan karkace a ƙeya, domin tsohuwa ta samu abin kushewa. "In ba ta samu laifi ba, za ta yi ta nema."

Na yi shekaru ina koyar da yara yadda ake gina hujja. Ban taɓa tunanin a bar wa abokin gardama ɗan kuskure ya yi wasa da shi ba. Zan sata.

Kuran, wutar lantarki, ya ɗauke tun hantsi, fanka ta tsaya. Fatar kan Yaya ba ta son ja, na ga hawaye na taruwa a gefen idonta duk lokacin da ƙugiya ta shiga. Ba ta ce wayyo ba. Labari ta yi ta ba mu na ɗakin shimiyo, yadda ta sayar wa wata nas atamfa ana tsakiyar ƙara mata ruwa, da yadda matan ɗakin suka yi gasar wadda kanta ya fi kama da ƙwarya, ta zo ta biyu. Wadda ta zo ta ɗaya ƴar Tawa ce. Ta rasu da azumi. Yaya ta faɗi wannan da murya ɗaya da sauran, sannan ta ce a miƙo mata ruwa.

Da la'asar aka sake ɗaure mini ido. Na bi tsaga daga goshi har ƙeya, na dawo. Na nemi ragar da gangan, tunda na san tana nan. Ban same ta ba.

Na ce ya yi. Ban ɗauke hannuna nan da nan ba.

Lahadi, 25 ga Mayu

Yaya ta yi alwala, ta shafi kai, ta ce ruwa ya kai. Ta yi murna da wannan fiye da madubi.

Talata, 27 ga Mayu

Zafi kamar a tanda. Garinmu ma sunansa ke nan, ban taɓa lura ba sai yau. Yaya ba ta yi ƙorafi ba, amma na kama ta tana soka tsinken tsintsiya ƙarƙashin ɗankwali.

Alhamis, 29 ga Mayu

Mun yi bitar ƙarya. Unguwar da ta zauna a Kwatano, matar da ta sauke ta, abin da ya sa ta rame: abincinsu, manja ya yi yawa. Wadda ta yi kitson wata ƴar Togo ce. Yaya ta haddace tsaf, ni ce nake tuntuɓe. Ta ce in na ga zan ɓata mata aiki in yi shiru, da ma Inna ta saba da ni ba na cewa komai sai kallo.

Ajuma ta biyo da yamma ta duba ɗinki, ta ƙara man shanu. Ta ce lalle in zo in gaya mata duk abin da tsohuwa ta ce, kalma da kalma, ko zagi ne. Na ce kada ta damu, wannan ne kaɗai aikin da na iya.

An yi ruwan farko mai ƙarfi. Gari ya yi ƙamshin ƙasa.

Asabar, 31 ga Mayu, Tanda

Alasan ya kawo mu da mota, ya tsaya zaure wurin Zakariya'u. Inna na ɗakinta bisa gadon ƙarfe, ta ji takunmu tun daga tsakar gida. Ta ce, "Auta ce da takalmin maza. Ɗayar kuwa ta rage nauyi."

Gaisuwa ta yi tsawo, duk da ni ake yi. Ita Yaya sai a kaikaice: an zo lafiya, an ga dama. Sannan Inna ta buɗe gwiwoyi ta daki katifa, Yaya ta zauna a ƙasa ta ba ta baya. Ɗankwali ya sauka.

Ban taɓa kallon hannun Inna yadda na kalle shi yau ba. Ta fara da goshi. Ta kama kitso ɗaya ta murza, ta sunkuya ta shinshina. Ta bi tsaga ta farko har ƙarshe, ta biyu, ta uku. Ta kai ga karkataccen nan na ƙeya ta yi tsaki, ta ce ƴan yanzu ba su iya rufe aiki ba. Yaya ta kalle ni ta gefen ido. Ta fara labarin ƴar Togo, Inna na cewa uhm, uhm.

Sai babban yatsanta ya gangara bayan kunnen hagu, sama kaɗan, ya tsaya. Ya zagaya. Ya koma ya sake zagayawa.

Akwai tabo a wurin. Na gan shi a salon, fari, kamar ƙwayar gujiya, gashi ba ya fita a kansa. Ajuma ta rufe shi da kyau, na ma yaba mata. Yaya ba ta taɓa ganinsa ba, a bayan kanta yake, ta manta da shi. Daga baya Zakariya'u ya gaya mini: tana rarrafe ta faɗa kan dutsen murhu, Inna na ɗaki saboda kunyar surukai ta hana ta ɗaukar ƴar fari a gabansu. Duk kitson da Inna ta taɓa yi mata, tsaga na kauce wa wurin. Duk zuwan da Yaya ta yi, nan yatsan ke ƙarewa. Mu muna ganin albarka ake sawa.

Labarin Kwatano ya mutu a bakin Yaya.

Na matsa kusa da gado, na shirya tarbe ta in ta yanke jiki. Maganin tansiyo na cikin jakata, na zo da shi ba tare da na gaya wa kowa ba. Na ga ƙirjinta ya ɗaga ya sauka. Hannun bai bar kan ba. Ɗayan ya sauko ta kafaɗa, a hankali, ya bi gaban rigar Yaya ta dama, ya tarar da abin da ya tarar. Ya zauna a nan.

Inna ta ce, "Irin na Balki?"

Yaya ta ce, "An cire, Inna. An yi magani. Sun ce..."

"Ban tambaye ki abin da suka ce ba. Kina cin abinci?"

"Ina ci."

Kaza na ta ƙoƙarin shigowa, na kore ta da ƙafa. Inna ta koma kan kitson, ta sake bin tsaga guda, wannan karon a hankali ƙwarai, kamar mai karatu. Ta ce duk wadda ta yi wannan a gaya mata ta iya, ita Inna ce ta faɗa. Ta ce da ba don abu ɗaya ba da ta wuce. Sannan muryarta ta ɗan karye, ta gyara ta da faɗa: "Cikin zafin nan kika dafa kanki saboda ni? Ke wannan, ba ki da hankali tun kina ƙarama."

Kafaɗun Yaya suna rawa. Ban san ko dariya ce ko ɗayan ba, ina jin ita ma ba ta sani ba.

Inna ta ce in duba cikin kwalla ta sama, akwai sabuwar reza da man kaɗe. Na ce Inna reza fa, ki bari ni in warware. Ta ce ta yanke cibiyar yara a garin nan tun ban zo duniya ba, kuma zare ba da ido ake jinsa ba. Na miƙa mata. Ta laluba ta samu ɗinkin farko a gefen goshi, ta ɗaga shi da farce, ta sa bakin reza. Ko gashi ɗaya bai biyo ba.

"Auta, fita ki ja mana ƙofa."

Ƙofar langa-langa ce, akwai tazara tsakaninta da bango da ake jin komai ta nan. Na san wurin sarai, a nan na yi rabin ƙuruciyata. Kuma na yi wa Ajuma alkawari, kalma da kalma.

Abin da na riga na ji zai ishe ta.

Na ajiye maganin bisa taga inda Zakariya'u zai gani. Na ja ƙofar har ta kama, na sa takalmina, na bi hanyar fadama wajen masu dashen shinkafa.